Sensar Oksijin a Tsohuwar Mota: A Auna Kafin a Canza

Duk wanda ke shiga motar haya daga Taba, Hunkuyi, Makarfi ko Ikara zuwa Zariya ya san kukan direbobi ɗaya ne: "Motar nan shan mai take yi kamar rairayi." A da magana ce ta fatar baki. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Yanzu lita ɗaya da ta tafi a banza kuɗin cefane ce, kuma mu fasinjoji ne muke biya a ƙarshe.

In mota ta fara shan mai, abin da aka saba shi ne a canza filogi, a wanke nozul, in abin ya ƙi a ce "sensa ce". Wani lokaci gaskiya ne, sensar oksijin ta mutu. Wani lokaci kuma lafiyarta lau, labarin matsala kawai take bayarwa, sai a cire ta a jefar, an bar jaki ana dukan taiki. Darasinmu na wannan fitowa shi ne yadda za a bambance waɗannan biyun, da yadda ake canza sensar idan ta tabbata ita ce. Na yi ƙoƙarin rubuta shi yadda ɗan akanta ko 'yar sashen kwamfuta za su bi, ba mu 'yan kanikanci kaɗai ba, tunda da wuya a sami gidan da ba ya dogara da wata tsohuwar mota.

Mece ce sensar oksijin?

Injin fetur yana ƙona mai ne tare da iska. Domin man ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. In mai ya yi yawa, sauran ya fita a hayaƙi ba tare da ya yi aiki ba. In ya yi kaɗan, injin ya yi zafi, ya riƙa shaƙewa, ƙarfi ya ragu. A littattafanmu ana kiran wannan daidaiton lamda, kuma idan haɗin ya zauna daidai ana cewa lamda ta zama 1. Shi ya sa a Turai sunan na'urar ma sensar lamda.

A motocin kafireta, irin tsohuwar Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, bakanike ne ke saita haɗin da sukudireba da kunnensa. A motocin nozul kuwa kwamfutar injin ce ke yi, wadda a gareji ake kira birenbos. To amma kwamfuta ba ta ganin cikin injin. Tana buƙatar wanda zai ɗanɗana hayaƙin ya gaya mata ko gishiri ya ji. Aikin sensar oksijin ke nan.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kuma Volvo ta fara sa ta a motocinta samfurin 240 a 1976. A ido ta yi kama da filogi mai jelar waya, an murɗa ta a jikin bututun hayaƙi. A cikinta akwai ɗan tangaran na sinadarin zakoniya da aka shafa wa filatinam ciki da waje. Gefe ɗaya yana shaƙar hayaƙi, ɗaya gefen yana shaƙar iskar waje. Bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu shi ke haifar da 'yar wutar lantarki. Idan mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, wutar ta hau zuwa wajen 0.9V. Idan mai ya yi kaɗan, oksijin ya rage a hayaƙi, wutar ta sauka zuwa wajen 0.1V. Tsakiyar ita ce 0.45V. Ku kwatanta da batirin tocila ɗaya mai 1.5V, za ku ga ƙanƙantar saƙon da ake magana a kai.

Kwamfuta na ganin 0.9V sai ta rage mai, tana ganin 0.1V sai ta ƙara. Haka suke yi ba tsayawa, don haka lafiyayyar sensa kullum lambarta hawa da sauka take yi. Wadda ta tsaya wuri ɗaya, ko take motsi a kasalance, ita ce abin tuhuma.

Akwai sharaɗi guda: tangaran ɗin ba ya aiki sai ya kai zafin kimanin digiri 300 zuwa 350 a ma'aunin Salsiyos. Sensar farko mai waya ɗaya ce, tana jiran hayaƙi ya gasa ta. Daga farkon shekarun 1980 aka fara sa mata hita a ciki, shi ya sa yawancin waɗanda za ku gani yau masu waya uku ko huɗu ne. Kafin sensa ta yi zafi, kuma kafin ruwan injin ya ɗumama, kwamfuta ba ta sauraronta. Tana zuba mai ne bisa lissafin da aka rubuta mata a masana'anta, wanda da gangan aka sa ya ɗan fi yawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Guda nawa ne, kuma a ina suke?

Golf 3 ɗin da ke cika tashoshinmu, mai injin fetur, yawanci sensa ɗaya gare ta, a gaban tukunyar tace hayaƙi. Wannan tukunya ita ce bakanikai ke kira indomi, saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, irin su Camry, Corolla da Accord, suna bin tsarin OBD-II, don haka suna da aƙalla biyu. Ta gaba, wato sensa ta 1, ita ke juya akalar mai. Ta baya, sensa ta 2, tana bayan indomi, babban aikinta kuma sa ido ne a kan ko indomin na tace hayaƙi. Motocin fetur na Turai sun shiga irin wannan tsari daga 2001. Injin V6 kan kai sensa huɗu, saboda layin silinda biyu gare shi. Layin da silinda ta ɗaya take shi ake kira banki na 1.

A lura da wani tarko. Da yawa daga cikin Toyota da Honda na shekarun 2000, sensarsu ta gaba wata iri ce daban, mai auna ainihin adadin iska da mai maimakon ta ce "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan" kawai. A ido kusan iri ɗaya suke da ta gargajiya, zarensu ma ɗaya ne, amma ba sa maye gurbin juna. A Toyota, sikana kan nuna irin wannan a wajen 3.3V, kuma ba ta tsalle-tsalle kamar waccan. Wanda bai san haka ba zai iya yanke wa lafiyayyar sensa hukuncin kisa.

Abin da matacciyar sensa ke ci

Sensa na tsufa. Shawarar masu ƙera ta ita ce a duba marar hita bayan kilomita 50,000 zuwa 80,000, mai hita ta farko bayan kimanin 100,000, ta zamanin OBD-II kuma wajen 160,000. Motar Kwatano da ta shekara ashirin ko talatin tana iya zuwa mana da sensar da aka ɗaura mata tun a masana'anta.

Alamomin su ne shan mai, baƙin hayaƙi ko warin ɗanyen fetur a salansa, filogi mai baƙin ƙirin, rawar injin idan mota na tsaye, da fitilar cek injin, in ba a riga an cire ƙwanta ba.

Bari mu yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce Golf tana jigila tsakanin Hunkuyi, Zariya da Makarfi, tana cin kilomita 150 a rana, tana yin kilomita 10 da lita ɗaya. Lita 15 ke nan. A ce shan manta ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari: ƙarin lita 2.25 kullum. In lita tana naira 900, asarar rana ta kai naira 2,025, a kwana 26 na aiki kuma naira 52,650. Wannan kuɗin hayaƙi ya zama, direba bai ci ba, mai mota bai gani ba.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Rarar man na wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana tsinka wanda ke cikin injin, ringi ya riƙa ci da wuri. Wanda ya tsere ta bututu kuma yana ƙonewa a cikin indomi har ya narkar da shi ya toshe. Daga nan mota ta daina jan hawa, sai a kai ta wurin mai walda a fasa tukunyar a zubar da cikinta, ko a sayar saboda filatinam, faladiyam da rodiyam da ke ciki. Wasu motocin da ke yawo ba indomi, da ƙaramar matsala irin wannan labarinsu ya fara.

Masu laifin da ke laɓewa bayan sensa

Na farko shi ne cire tamostat. Al'ada ce a garejinmu: mota na isowa daga Kwatano a ce "wannan na ƙasar sanyi ne", a cire shi, a haɗa fanka kai-tsaye. Tamostat bawul ne da ke tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin aiki, kimanin digiri 80 zuwa 90, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi injin na daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, lokacin da ake lodin rake da kayan gwari zuwa kasuwa. Kun tuna abin da muka ce ku riƙe? Muddin kwamfuta na ganin injin da sanyi, ƙarin mai za ta yi ta zubawa. Ko sabuwar sensa fil aka ɗaura, ba za ta hana ba. Lambar P0125 ma abin da take nufi ke nan: ruwa bai yi zafin da kwamfuta za ta fara aiki da sensa ba. Motar da ke zafi fiye da kima, lagireto, fanka ko famfon ruwa ya kamata a duba.

Na biyu, huji a bututun hayaƙi a gaban sensa. Hanyoyin ƙauyukanmu da damina ba sa raga wa ƙarƙashin mota. In manifol ya tsage ko gasket ya ƙone, iskar waje na kutsawa, sensa ta ga oksijin da yawa, ta ba da rahoton mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Sensar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta shaƙa ta faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, silindar da ba ta kama wuta. In filogi, wayar filogi ko koyil ya lalace, iskar da ba ta ƙone ba tana fita da oksijin ɗinta, sakamakon ɗaya ne da na huji. Haka ma tiyon iska da ya tsage a bayan matatar iska.

Na huɗu, waya da fiyus. Wayar sensa kan taɓa bututu ta ƙone, ko kututture ya fizge ta, ko ɓera ya ci. Fiyus ɗin hita ma kan yanke.

Na biyar, indomin da aka fasa. In babu shi, sensar baya za ta riƙa ganin hayaƙi iri ɗaya da ta gaba, kwamfuta ta fito da P0420. Ko sau goma aka canza sensar baya lambar nan za ta dawo. Sai dai kar wani ya ce tunda an cire indomi sensar gaba ba ta da amfani. Har yanzu ita ke riƙe da akalar mai.

Yadda ake gwaji

Mataki na farko ido ne da kunne. A duba waya da soket ɗinta. A tayar da injin da sanyi a saurari "tif-tif-tif" na huji, a nemi baƙin tabo a mahaɗar bututu. A tambayi mai mota ko akwai tamostat, a kuma kalli allurar zafi bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar.

Na biyu, a karanta lamba. Motar OBD-II na da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar sikana irin ELM327 tana haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, sai a karanta da manhaja kamar Torque. Lambobi daga P0130 zuwa P0135 na sensar gaba ne a banki na 1: P0133 na nufin ta yi nawa wajen amsawa, P0135 kuma matsala a layin hita. P0136 zuwa P0141 na sensar baya ne. P0171 na cewa haɗin ya yi ƙarancin mai, P0172 ya yi yawan mai, kuma waɗannan biyun sau da yawa ba laifin sensa ba ne sam. Golf 3 ta Turai ta riga wannan tsari, tana buƙatar sikana mai jin yaren Volkswagen, inda lambar sensar take 00525. Lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. Sai an shiga an bincika.

Na uku, a gwada hita. A kashe mota, a zare soket ɗin sensa, a sa maltimita a ma'aunin om tsakanin wayoyin hita biyu, waɗanda galibi launinsu ɗaya. Lafiyayyen hita kan nuna ƙaramar lamba, daga kusan om ɗaya zuwa sha wani abu, gwargwadon irin sensar. In mita ta nuna layin a yanke yake, hita ya ƙone, sensar ta tafi. In hita lafiya, a kunna makulli a duba ko 12V na isowa daga ɓangaren mota. In ba ya zuwa, aikin rewaya ne, ba na mai sayar da sensa ba. Kar a auna om a kan wayar saƙo.

Na huɗu, a kalli saƙon kansa. A mayar da soket, a bar injin ya yi zafi sosai, a riƙe shi a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti. Da sikana ko maltimita mai nuna lambobi, sensar gargajiya ya kamata ta riƙa kai-komo tsakanin kusan 0.1V da 0.9V, sau da yawa cikin daƙiƙa goma. Sannan a tsokane ta. A taka totur da sauri: lamba ta yi sama nan take. A sake shi: ta faɗo ƙasa. A zare ƙaramin tiyon iska daga manifol na shiga: ta sauka ta zauna ƙasa na ɗan lokaci. Sensar da ke amsa duk wannan da hanzari tana da rai, a nemi matsala a wani wuri. Wadda ta kafe ko take jan ƙafa, lokacinta ya yi.

In sikanar na nuna gyaran mai, wato kason da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali, a duba shi. Tsakanin ragin kashi 10 da ƙarin kashi 10 ba abin damuwa ba ne. Ƙarin kashi 20 ko fiye na nuna kwamfuta na fama da wani abu, kuma huji ko tsagaggen tiyo su ne na farko a layin tuhuma.

Wajen saye

A tafi da lambar da ke rubuce jikin tsohuwar sensa, da lambar shasi, da shekarar motar. Sunayen da aka sani a wannan fanni su ne Bosch, Denso da NTK, amma jabu sun yi yawa, kwali mai kyau ba shaida ba ne. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za a samu sabuwa, za a samu ta gwanjo da aka kwance daga wani injin. Ta gwanjo na iya yin aiki, sai dai ba wanda ya san kilomita nawa ta ci. In ita aljihu ya kai, a auna hitarta a gaban mai shago, a kuma yi yarjejeniyar dawowa da ita in ta gaza gwaji a jikin mota. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wadda ake sayarwa ba soket, a haɗa wayoyinta da tsohon soket. A ta Bosch mai waya huɗu, baƙa ce saƙo, ruwan toka ita ce at, farare biyu na hita ne. Launukan ɓangaren mota kan bambanta, don haka a bi takardar da ke cikin kwali. A haɗa da matsewa, ban da dalma, domin wasu sensocin ta cikin wayar suke shaƙar iskar waje da suke kwatanta hayaƙi da ita. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a cusa giris ko fesa mai a cikin soket ɗin.

Wanke sensa da fetur ko maganin wanke kafireta, kamar yadda ake yi a wasu wurare, yana goge baƙin waje ne kawai. Tangaran da ya sha guba ba ya farfaɗowa da wanka.

Canzawa, mataki-mataki

Kayan aiki: soket na sensa mai lamba 22 wanda aka tsaga gefensa domin waya ta wuce, ko sifana mai zobe lamba 22, man sassauta tsatsa irin WD-40, buroshin ƙarfe, jak da ƙafafun tokare mota, tabarau da safar hannu.

1. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya. In sai an shiga ƙarƙashi, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, komai gaggawa.

2. A tabbatar da wacce za a cire, ta gaba ko ta baya, banki na 1 ko na 2. A ɗauki hoton yadda wayar ta bi.

3. A fesa man tsatsa a gindin sensa a bar shi ya jiƙa, in da hali tun dare. Tayar da injin na minti biyu ko uku na taimakawa, domin ƙarfe mai ɗumi ya fi sakin jiki. Ɗumi aka ce, ba zafin da zai saɓule fata ba. Kuma ba a tayar da injin a rufaffen shago, hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar wari, mai kisa.

4. A kashe mota, a zare makulli, a cire soket ɗin waya tukuna kafin a fara murɗawa.

5. A kwance zuwa hagu. In ta ƙi, a ɗan ɗaure, a sake kwancewa, a ƙara mai, a yi haƙuri. Sifana mai buɗaɗɗen baki na cinye kusurwoyin. In an riga an tabbatar ta mutu, ana iya yanke wayar a zura zobe ko dogon soket. Ƙarfin tsiya na iya tsinke zaren bututun, aikin minti talatin ya koma wunin mai walda.

6. A karanta bakin tsohuwar kafin a jefar. Baƙin toka mai laushi na nuna mai ya daɗe yana yawa. Farin gari alama ce ta silikon, wanda galibi daga gam ɗin gasket da ake lafta wa injin yake zuwa. Ɓawon fari mai tsakuwa-tsakuwa na iya nufin ruwan lagireto na shiga silinda. Ɓawo mai duhu da maiƙo kuma injin na cin baƙin mai. A da dalmar cikin fetur ce babbar mai kashe sensa, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma daga farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Abin da ya rage mana shi ne man da aka gauraya da kananzir ko dizal, wanda ba ya ƙonewa sarai. Duk abin da bakin ya nuna, in ba a gyara shi ba, sabuwar ma haka za ta ƙare.

7. A jera sabuwa da tsohuwa: tsawon waya, yawan waya, siffar soket. A goge zaren bututu. Yawancin sababbi na zuwa da man hana kamewa a zarensu. In babu, a shafa ɗan kaɗan a zaren kawai, kar ya taɓa bakin.

8. A fara murɗawa da hannu. In ta yi tauri tun juyin farko, ta hau karkace, a fito da ita a sake. Zarenta M18 ne, ana ɗaure ta da ƙarfin kimanin 35 zuwa 45 Nm. In babu sifana mai auna ƙarfi, bayan hannu ya tsaya a ƙara kamar rabin juyi. Sensar da ta faɗi a kan siminti tangaranta na iya tsagewa a ciki, a riƙe ta kamar ƙwai.

9. A mayar da waya ta hanyarta ta asali, nesa da bututu da duk abin da ke juyawa, ba a murɗe ba. A tura soket har ya yi ƙas.

10. A goge lambobi da sikana, a tayar, a saurari huji, a yi tafiyar kamar minti ashirin, a sake kallon saƙon da gyaran mai.

Yadda za a san an ci riba

"Ina jin ta rage sha" ba awo ba ne. Kafin gyara a cika tanki, a rubuta kilomita, a yi aikin da aka saba, a sake cikawa a famfo ɗaya, a raba kilomita da litar da ta shiga. A maimaita bayan gyara, a hanya iri ɗaya da lodi iri ɗaya. In mitar kilomita ta mutu, kamar yadda take a yawancin motocin haya, a ƙirga sawu: sawu nawa ake yi daga tasha zuwa tasha da lita ashirin. A ba kwamfuta kwana biyu ko uku ta sake koyon lissafinta. A haɗa da duba iskar taya da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri.

Gare mu ɗalibai

Ogogin gareji sun fi mu sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Wanda ya shekara talatin yana kwance injin, da kunne kaɗai yana gane abin da mu sai mun buɗe littafi. Abin da yawancinsu ba su samu ba shi ne damar koyon karatun sikana da maltimita, mu kuma shi ake koya mana a aji. In ka je aikin koyon sana'a ko ka koma gida hutu, ba sai ka ce wa kowa ya yi kuskure ba. "Oga, a ba ni minti goma in auna kafin a sayo" ta wadatar. In sensa ce, an tafi kasuwa da tabbaci. In huji ne ko tamostat, mai mota ya tsira da kuɗinsa, oga ya tsira da sunansa.

Tsarin dai shi ne: a duba da ido, a karanta lamba, a gwada hita, a tsokani saƙon, a gyara sanadi, sannan a canza. Wanda ke da ƙaramar sikana, maltimita da soket lamba 22, ya kuma iya wannan tsari, zai iya fara karɓar aiki a tashar garinsu tun kafin sakamakon difloma ya fito. Ga mai son gwadawa, ya fara da motar gida a wannan hutun: ya nemo inda sensar take, ya ƙirga wayoyinta, ya auna hitarta, ya rubuta abin da ya gani.